Waya, Agogo ko Na'urar Tansiyo: Me Za Ka Aiko wa Tsohonka a Tawa?

A Adar da wuya ka shiga gida ka tarar babu wanda ya tafi bida. Wani yana Abijan, wani Libiya, wani Legas ko Kamaru, kuma kusan kowannensu ya bar uwa ko uba a gida. Kuɗin cefane suna zuwa ta Nita ko Al Izza, in an samu mai dawowa kuma a ɗora masa tsaraba. A da rediyo ne da bargo da turmin atamfa. Yanzu babbar waya ce, ko agogon nan mai ƙirga taku da bugun zuciya, wanda mai shago zai rantse maka cewa ya fi likita sanin jikin mutum. Niyyar mai kyau ce. Ana so Baba ya ci gaba da zuwa masallaci da ƙafarsa, Inna ta ci gaba da kai kanta gidan suna da gidan biki. Sai dai cikin kayan nan akwai mai taimakon wannan niyya, akwai kuma wanda zai ƙare a ƙasan akwati, ko a hannun jika yana kallon TikTok.

Kafin a yi zaɓi sai an san abin da ake gudu. Ka ga dattawa biyu, dukansu sun ba saba'in baya. Zazzaɓi ɗaya ya kama su a damina. Na farko ya kwanta kwana uku, ya tashi ya koma fadarsa. Na biyu zazzaɓin ya tafi amma ya bar shi a tabarma, daga nan sai sanda, daga sanda sai an riƙa shi zuwa bayan gida. Shekarunsu ɗaya, abin da ya bambanta su shi ne ajiyar ƙarfin da ke jikin kowanne. Kamar rumbu ne: mai sauran hatsin bara yana tsallake shekarar fari, wanda nasa ya kai ƙasa kuwa ƙaramin gibi ma sai ya durƙusar da shi. Wannan ƙarewar ajiya ita ce raunin tsufa, kuma ba kowane tsoho take kamawa ba.

A shekarar 2001 wata likita a Amurka, Linda Fried, da abokan aikinta suka fitar da alamomi biyar da ake gane ta da su: ramewa ba tare da an nufa ba, kamar kilo 4 da rabi a shekara, gajiya da ba ta da dalili, raunin damƙar hannu, tafiya a hankali, da ƙarancin motsi. Mai uku daga ciki ya shiga rauni. Mai ɗaya ko biyu yana bakin ƙofa, kuma shi ne wanda aka fi iya jawowa baya. A gidajenmu alamomin suna da wata kama da kowa ya sani. Alhaji ya fara salla a zaune. Ya daina fita Asuba, daga baya Juma'a ma sai an ɗauke shi a babur. Hajiya ba ta iya tashi daga tabarma sai ta dafa bango. Zoben da ke yatsarta ya fara yawo. Kwanon tuwo yana komawa madafa da rabi.

Tushen abin tsoka ce. Tun daga shekara 30 mutum yake asarar kashi 3 zuwa 8 cikin 100 na tsokarsa a kowace shekara goma, bayan 60 kuma abin yana ƙara sauri. Kwanciya tana gaggauta shi fiye da yadda ake zato. A wani gwaji da aka buga a 2007, an kwantar da dattawa masu ƙoshin lafiya a gado kwana 10, sai aka tarar tsokar ƙafafunsu ta ragu da kusan kilo guda. Ga inda tarbiyyarmu take yi mana illa ba mu sani ba. Da zarar Inna ta ɗauki tsintsiya sai a karɓe, "Haba Inna, ga yara, ki zauna ki huta." Ladabi ne, amma ƙafar da aka hutar yau da gobe ba za ta ɗauki mai ita ba. Abin daɗin ji shi ne tsoka ba ta daina amsa kira. A 1990 Maria Fiatarone ta sa wasu tsofaffi ƴan shekara 86 zuwa 96 a wani gidan kula da tsofaffi na Boston suna ɗaga nauyi da ƙafa. Cikin mako 8 ƙarfin ƙafarsu ya fi ninki biyu.

Saboda haka abin da ke hana rauni sananne ne: motsi mai sa tsoka aiki, abinci mai gina jiki, riƙe hawan jini da ciwon suga, gyaran ido da kunne, da zama cikin mutane. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ga wanda ya kai 65 ita ce minti 150 zuwa 300 na motsi a mako, da atisayen ƙarfi da na daidaita tsayuwa aƙalla kwana uku a mako. Babu wata na'ura da take yin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Iyakarta ta auna, ta tunatar, ko ta kai labari ga wanda zai yi wani abu. Ni da wannan nake auna kowace: in ta ga matsala, wa zai sani, kuma wa zai tashi?

Ƙaramar waya mai maɓalli

Ita ce aka fi rainawa, ita ce kuma na fi ganin tana rayuwa a hannun tsoho. Batirinta yana kwanaki, abin da ba ƙarami ba ne a lokacin zafi da kuran yake zuwa yana tafiya, balle a ƙauyukan Keita da Buza inda caji sai an kai wurin mai sola a biya. Tana da tocila, wadda ita kaɗai ta isa ta hana faɗuwar dare a hanyar bayan gida. Tana da rediyo. Ana iya saita mata ƙararrawar shan magani a daidaita da lokutan salla. Maɓallanta ana jin su da yatsa, har akwai ɗan ƙullutu a kan lamba 5 da mai raunin gani yake lalubawa, kuma ana iya ɗaura lambar babban ɗa a maɓalli guda, a danna a riƙe ta kira. Ta faɗi a ƙasa a ɗauka a kaɗe.

Kada a ce ƙaramar waya ba ta cikin kayan lafiya na zamani. Senegal ta fara aika wa masu ciwon suga saƙonnin tes a azumin 2014, a ƙarƙashin wani shiri na Hukumar Lafiya ta Duniya da hukumar sadarwa ta duniya, kuma saƙonnin suna shiga kowace irin waya. A 2018 shirin ya fitar da jagora na musamman a kan tsofaffi. Amma a wajenmu tes yana da iyaka, don manyan da suka iya karatun boko a Nijar ba su kai kashi 40 cikin 100 ba, a cikin tsofaffi mata kuwa abin ya fi haka ƙasa nesa. Ƙarfin wannan waya murya ce.

Rauninta kuma a nan yake. Ba ta auna komai, ta dogara ga abin da tsoho ya faɗa, tsohon Bahaushe kuwa ba ya kai ƙarar jikinsa wurin ɗansa da ke nema a ƙasar wasu. Ka ce "Baba, ina kwana, yaya ƙarfin jiki?" zai ce "Alhamdu lillahi, lafiya lau", ko da jiya ya faɗi a bakin rijiya. Sai an sauya salon tambaya. Bayan gaisuwa ta cika, ka ce: "Baba, wa ya ja sallar Asuba yau?" In ya je masallaci zai faɗa, in bai je ba za ka ji. "Inna, me kuka ci da dare? Kin cinye?" "Kin samu zuwa sunan gidan su wance?" Tambayar da amsarta take buƙatar an fita, an gani, an ci, ita ce take nuna gaskiya. Sannan a samu mutum na biyu a gidan, suruka ko jika, da za a ji ta bakinsa. Kira biyu ko uku a mako irin wannan sun fi manhajoji da yawa amfani, kuma suna maganin kaɗaici, wanda shi ma yana kashe sha'awar abinci.

Babbar waya

A nan tambayar ba ta saye ko rashin saye ba ce. Tambayar ita ce a hannun wa za ta zauna. A hannun tsoho mai yanar ido, mai kaushin yatsa da gilashin waya ba ya ji da kyau, babbar waya wahala ce. Zai danna abin da bai nufa ba, mega ta ƙare, ya ji kunyar tambaya. Manhajojin ƙirga taku irin su Samsung Health da Google Fit sai wayar tana jikin mutum suke ƙirgawa, Hajiya kuwa tata tana ƙarƙashin matashi, ko a ɗaki a jikin caji. Lissafin zai nuna ba ta motsa ba alhali ta zagaya unguwa. Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba: waya mai bidiyo tana iya ƙara zaunar da wanda ake so ya tashi.

A hannun jika ɗan lise ko surukar da ta yi lakwal kuwa, wayar nan ta fi duk sauran. Akwai agogon ƙirga sakan a cikinta, kuma da shi ake yin gwaje-gwaje biyu da likitocin tsofaffi suke yi a asibitocin duniya. Na farko: a zaunar da tsoho a kujera mai ƙarfi wadda aka jingina da bango, ya rungume hannuwansa a ƙirji, ya tashi tsaye ya zauna sau biyar. Jagoran ICOPE, shirin kula da lafiyar tsofaffi, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ya sa iyaka a sakan 14. Wanda ya wuce haka, ko ya kasa tashi sai da hannu, ƙafarsa tana buƙatar aiki kuma ya kamata ma'aikacin lafiya ya duba shi. Na biyu: a auna mita 4 a tsakar gida, ya taka yadda ya saba. In ya ɗauki fiye da sakan 5, tafiyarsa ta yi ƙasa da ma'aunin da likitoci suke ɗauka a matsayin gargaɗi. Kujerar roba mai lanƙwasa ƙafa ba ta wannan aiki ba ce, kuma mai riƙe da waya ya bar wani a tsaye kusa da tsohon.

A yi haka sau ɗaya a wata, a ɗauki bidiyo a tura wa ɗan da ke Abijan ta WhatsApp. Wanda yake ganin mutum kullum ba ya lura da raguwarsa, amma bidiyon watan Janairu kusa da na watan Yuni ba ya ɓoye komai. Kuma gwajin kujerar shi kansa atisaye ne. Tashi da zama sau takwas ko goma, a huta, a sake, safe da yamma, da ɗaga diddige ana dafe da bango, da tsayuwa a ƙafa ɗaya kusa da abin riƙewa, da ɗaga buta cike da ruwa don hannu. Tsoho ba zai yi wannan don waya ta yi ƙara ba. Zai yi don jikarsa ta zo ta ce "Kaka, taso mu yi namu", tana ƙirga masa tana tsokanarsa, wasan jika da kaka kuwa ya halatta abin da ɗa ba zai iya faɗa wa ubansa ba.

Manhajojin da aka yi don wannan aiki suna nan kyauta. ICOPE tana da tata, wadda take bi da mai dubawa ta fannoni shida: motsi, abinci, gani, ji, tunani da yanayin zuciya. An yi ta ne don ma'aikatan lafiya, amma tambayoyinta na farko masu sauƙi ne, misali ko mutum ya rasa fiye da kilo 3 cikin wata uku, ko zai iya tuna kalmomi uku bayan ɗan lokaci. Akwai Vivifrail, tsarin atisaye da aka haɗa a Turai, mai raba tsofaffi gwargwadon ƙarfinsu ya ba kowa nasa. Akwai ICOPE Monitor ta asibitin Tulus a Faransa. Ita wannan ta ƙarshe misali ce mai kyau ta abin da nake faɗa: a can, in sakamako ya yi muni, akwai ma'aikaciyar jinya da saƙo yake isa gare ta, ta kira mutum. A Tawa babu wanda yake zaune yana jiran wannan saƙo. Dole iyali su ƙulla tasu igiyar, su san majon CSI na unguwarsu, wato babban ma'aikacin jinya na ƙaramin asibiti, su nemi izininsa kafin su fara tura masa hotuna. Kuma duk waɗannan manhajoji da harsunan Turai suke magana, shi ya sa sai da ɗan lakwal a tsakani.

Kuɗin babbar waya ba ya ƙarewa a ranar saye. Akwai forfe kowane mako ko wata, ko Airtel ne ko Moov ko Zamani ko Niger Telecoms, akwai caji kullum, ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 yana cin batir. Haɗarinta mafi girma kuwa yana cikin guruf-guruf na WhatsApp, inda murya take yawo cewa wani jiƙo yana warkar da hawan jini har abada. Tsohon da ya ji haka ya ajiye ƙwayarsa ya fi wanda ba shi da waya shiga hatsari. Haka ma masu kira su ce ɗanka ya yi hatsari a hanya a turo kuɗi, tsofaffi suka fi nema.

Agogon hannu

Shi ne ya fi ƙayatarwa a cikin kwali, shi ne kuma zan sa a ƙarshen layi. Da yawa daga cikinsu suna zuwa da burin taku 10,000 a rana. Wannan adadi daga tallar wata na'urar ƙirga taku ya fito a Japan a 1965. Binciken da aka buga a 2019 a kan mata fiye da 16,000 a Amurka, masu matsakaicin shekaru 72, ya nuna masu taku 4,400 a rana sun fi masu 2,700 tsawon rai a fili, kuma ribar tana tsayawa a wajen 7,500. Wani nazari na 2022 da ya haɗa bincike da yawa ya sa adadin waɗanda suka haura 60 a tsakanin 6,000 da 8,000. Agogon da yake nuna wa dattijo kullum cewa ya gaza 10,000 karya masa gwiwa kawai yake yi.

Ko ƙirgar ma ba ta da tabbas ga wanda aka saya dominsa. Na'urorin nan suna rasa taku in tafiya ta yi sanyi, ko mutum yana jan ƙafa, ko hannun da ke ɗaure da agogon yana riƙe da sanda. Wato sun fi kuskure a jikin mai rauni. A ɗaya gefen kuma motsin hannu suke ji, don haka daka da tankaɗe da girgizar kabu-kabu a hanyar da ba kwalta duk suna iya zama taku. Sannan taku ba ya gaya maka ƙarfin cinya, wanda shi ne yake ɗaga mutum daga sujada. Ka ƙara da alwala sau biyar a rana, a cire a mayar, da caji, da cewa yawancinsu sai an haɗa su da babbar waya kafin su yi aikin kirki.

Masu arha da ke cika kasuwa, waɗanda suke nuna tansiyo, wato awon hawan jini, da suga a fuskarsu, su ne abin tsoro. A watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a kada su dogara da wani agogo ko zobe da yake da'awar auna suga ba tare da huda fata ba, ta ce ba ta amince da ko ɗaya ba. Mai shan maganin suga da ya gaskata irin wannan lamba yana iya faɗuwa sumamme. Agogon Samsung mai auna hawan jini ma sai an daidaita shi da na'urar tansiyo ta damtse kowane mako huɗu. Masu tsada irin Apple Watch suna gane faɗuwa tun 2018, su kira lambar gaggawa, amma a nan wanda zai fara isowa maƙwabci ne ko yaron gida, kuma ihu ko ƙaramar waya a aljihu sun isa su kira shi.

Akwai wanda agogo yake yi wa rana. Tsohon malamin makaranta ko ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya, mai karanta Faransanci, mai ƙafa da sauran ƙarfi, wanda lissafi yake burge shi. Irinsa in ya ga jiya 4,000 yau zai so ya ga 4,500, har ya ja abokan fadarsa su zaga bayan La'asar. In mahaifinka haka yake, saya masa na kamfanin da aka sani, ka rage masa burin taku, ka ce ya yi watsi da duk abin da agogon zai faɗa a kan suga.

Na'urar tansiyo da sikeli

Waɗannan ba sa ɗaukar ido, amma in kuɗin abu ɗaya gare ka, nan zan ce ka sa su. Hawan jini ba ya ciwo sai ya yi ɓarna, kuma kusan rabin masu shi a duniya ba su san suna da shi ba. Shanyewar ɓarin jiki tana mai da mai ƙarfi abin ɗauka a dare ɗaya. A sayi ta damtse, mai batir irin na rediyo, daga farmasi, ta kamfani sananne kamar Omron ko Microlife. Ta wuyan hannu ta fi saurin kuskure. A duba girman ɗamarar, don damtsen tsohuwar da ta rame ba ɗaya yake da na ƙato ba. A zauna minti 5 kafin awo, baya a jingine, hannu a kan wani abu daidai ƙirji, ba a magana, ba kuma bayan shayi ko goro nan take ba. A asibiti iyakar ita ce 140 a kan 90, abin da muke ce wa 14/9. A gida ana ɗaukar 135 a kan 85.

Ga tsoho akwai awo na biyu da ake mantawa. A auna shi yana kwance, ya tashi tsaye, a sake aunawa cikin minti uku. In lambar sama ta faɗi da 20 ko fiye, ko ya ji jiri, to ga dalilin faɗuwar da ake ɗora wa tuntuɓe. Wani lokaci maganin hawan jinin ne ya yi masa yawa, wani lokaci ƙarancin ruwa ne, don tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, abin kuma ya fi tsanani a bazara da azumi. Ba iyali ne za su rage ƙwaya ko su ƙara ba. A rubuta lambobin a littafi da kwanan wata, ko a ɗauki hoton fuskar na'urar, a kai wa majo ko likita. Faɗuwa ba abin wasa ba ce: kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka haura 65 suna faɗuwa aƙalla sau ɗaya a shekara, karayar ƙugu kuma sau da yawa ita ce kwanciyar ƙarshe.

Sikeli sau ɗaya a wata ya isa, da safe, da kaya marasa nauyi. Babbar riga da hijabi suna ɓoye rama har sai ta yi nisa. In babu sikeli, igiyar awon tela a zagaya sha-raɓa inda ta fi kauri. Ƙasa da santimita 31 alama ce tsoka ta ragu, sai dai kumburin ƙafa yana ruɗa wannan awo. Na'urar suga kuwa ta wanda likita ya ce yana da ciwon ce kawai, kuma kafin ka aiko ta ka tabbatar ana samun tsinkayenta a farmasin Tawa, in ba haka ba ranar da na kwalin suka ƙare ta zama abin ado.

To wa zai sayi me? In tsohuwarka tana ƙauye inda rezo sai an hau tudu, ƙaramar waya mai manyan maɓalli da ƙaramar sola ta caji, da na'urar tansiyo da za a ajiye wurin wanda ya iya karanta lamba, ko da a gidan maƙwabta ne. In a cikin gari take, Bilbis ko Wadata ko Sabon Gari, kuma akwai ɗan lakwal a gidan, ita ta riƙe ƙarama, yaron ya riƙe babba, ka ɗauki nauyin forfe da sharaɗin bidiyon wata da littafin awo. In kuwa rauni ya riga ya shiga, ana faɗuwa, ana mantuwa, ana ramewa, babu na'urar da za ta fara zuwa kafin likita.

Rarar kuɗin agogon da ba ka saya ba tana da wurin zuwa. Masana suna ba tsoho shawarar gram 1 zuwa 1.2 na furotin, wato sinadarin abinci mai gina tsoka, a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, wato mai kilo 60 yana neman gram 60 zuwa 72, sai fa mai ciwon ƙoda, shi likita ne zai yanka masa. Ƙwai ɗaya gram 6 ne. Koko da tuwo kaɗai ba za su kai shi ba. Wake, awara, nono a cikin fura, garin ƙuli-ƙuli a kwaɗon zogale, fara, kifi, cuku da aka jiƙa, duk suna kasuwarmu. A duba haƙora, don mai haƙori uku ba zai ce maka kilishi ya fi ƙarfinsa ba, zai dai miƙa wa jikoki. Tabarau, aikin yanar ido, fitila a hanyar bayan gida, kujera mai rami a kan masai don wanda tsuguno ya gagara, takalmi mai riƙe diddige maimakon silifa. Atisaye kuma a bazara sai bayan Asuba ko gab da Magariba.

Akwai lokutan da bai kamata a tsaya auna komai ko jiran ɗan bida ya ga saƙo ba. Baki ya karkace, hannu ko ƙafa ɗaya ta saki, magana ta sarƙe, ciwon ƙirji, numfashi sama-sama, ruɗewar da ta zo farat ɗaya, ko faɗuwar da mutum ya kasa taka ƙafa bayanta. A nemi mota nan take zuwa babban asibitin jiha a Tawa, ko asibitin gunduma mafi kusa, ko Galmi ga na wajen Malbaza da Madawa. Wanda zai raka shi ya ɗauki littafin awon da dukan ƙwayoyin da yake sha a leda ɗaya, har da na gargajiya, a kira ƴaƴan da ke waje daga cikin mota.